Kwamfutar Ɗakin Ƙurya

A ƙarshen shekarar 2003 kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya buɗe shagon intanet a Kano, a saman wani bene da ke bakin titi. Ya ce in zo in riƙa zama masa, tunda na gama sakandare ina zaman jiran makaranta. Aikina bai wuce sayar da tikiti, buɗe wa mutane akwatin imel, da tayar da janareta idan an ɗauke wuta ba. Kasuwar kuwa tana ci a lokacin. A shekarar ce Amurka ta mayar da cike takardar cacar biza ta intanet kaɗai, saboda haka tun da hantsi za ka tarar da layi har kan matattakala, kowa da hotonsa a ambulan. Ga 'yan Kantin Kwari masu aika wasiƙa Dubai da Sin, ga ɗalibai masu neman gurbin karatu, ga samari da ke hira a Yahoo Messenger har lokacinsu ya ƙare su ƙara sayen wani.

A can ƙuryar shagon akwai wani ɗan ɗaki da aka yanka da katako. Kwamfuta ɗaya ce a ciki, allonta baƙi ƙirin, sai fararen haruffa. Wayoyi biyu ne suka shiga bayanta: ɗaya ta sauko daga farantin satalayit da ke kan rufi, ɗayar ta tafi akwatin da ke raba layi ga kwamfutocin jama'a. Duk abin da wani ya nema a shagon sai ya bi ta cikinta, haka ma amsar. Ita ce saba. Wani injiniya da masu farantin suka turo daga Legas ne ya haɗa ta, ya ce kada kowa ya taɓa, ya koma da kalmar sirrin a kansa. Idan ta tsaya sai a buga masa waya. Wani lokaci ya ce a kashe a kunna, wani lokaci ya ce sai ya zo, zuwan nasa kuwa kuɗin mota ne da na masauki da na aiki, ga masu tikiti suna sauka ɗaya bayan ɗaya suna tsallakawa shagon da ke gaba.

Da abin ya ishi Kawu sai ya tari wani maƙwabcinsa bayan sallar isha'i, mutum mai sanyin hali da ke aiki a sashen kwamfuta na wata babbar makaranta. Malam muke ce masa. Washegari da la'asar ya hawo benen, ya tsaya a gaban baƙin allon, ya ce, "Alhaji, wa ya san kalmar sirrinta?"

"Wanda ya haɗa ne kaɗai, Malam."

Bai ce komai ba. Ya sake kunna ta, da allon zaɓi na GRUB ya fito sai ya danna harafin e, ya je ƙarshen wani dogon layi ya ƙara kalmar single, ya bar ta ta tashi. Rubutu ya yi ta gudu, sannan ya tsaya a kan wata alama mai kama da darar ƙasa, #, ba tare da an tambaye shi komai ba. Ya buga passwd. Abin da muka yi watanni muna biyan kuɗi a kansa, kafin shayin da aka kawo masa ya huce ya buɗe. Ya juyo ya ce da Kawu, "Ka ga abin da na yi, Alhaji? Duk wanda ya iya shigowa ɗakin nan ya sani, shi ma zai yi. Gobe a sa wa ƙofar nan kwaɗo."

Ya tura wa Kawu kibod ɗin ya ce ya zaɓi sabuwar kalma da hannunsa, ai dukiyarsa ce. Kawu ya raɗa mini ita ya ce in buga. Na buga, allo bai motsa ba. A nan na yi tambayata ta farko a wannan sana'a: "Malam, kibod ɗin nan bai kama ba." Ya ce ya kama. Ita ba ta nuna kalmar sirri, ko da taurari ba ta sakawa, don kada na tsaye a bayanka ya ƙirga yawan haruffan. Na sake bugawa don tabbatarwa, ta karɓa. Ya sa Kawu ya rubuta ta a takarda, aka liƙe a ambulan, ya ce a kai gida a ajiye inda ake ajiye takardun fili.

Kawu ne ya yi tambaya ta biyu, ta ɗan kasuwa. Da ya ji cewa manhajar da ke kan sabar kyauta ce sai hankalinsa bai kwanta ba. "Abin da ba ka saya ba, Malam, wa za ka kai wa kuka ranar da ya lalace?" Malam ya zauna ya yi masa bayani a natse. Ya ce wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta zuciyar Linux a 1991, ya sake ta ga jama'a, kuma lasisinta ya ba kowa damar kwafa, da duba cikinta, da gyarawa. Tamu ita ce Red Hat 9, wadda ta fito a 2003. Ya ce ba manhajar ake biya ba, wanda ya iya ta ake biya. "Shi ya sa nake so yaron nan ya iya, Alhaji. Ni ma ba kullum za ka same ni ba."

Daga nan ya riƙa leƙowa wasu ranakun bayan ya tashi aiki. Na sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, duk abin da ya ɗaure mini kai da rana in rubuta in jira shi. Tambayoyin farkon ba su da wani tsari. Ina linzaminta? Babu, domin ba a ɗora mata manhajar tagogi da hotuna ba, kuma hakan daidai ne a wurin Malam, saboda duk abin da aka ƙara wa saba cin ƙwaƙwalwa ne da ƙarin hanyar ɓarna. Ina C da D da na sani a Windows? Babu su, komai yana rataye ne daga tushe guda da ake rubutawa da karkatacciyar sanda. Saitin manhajoji yana /etc, rahoton abin da ke faruwa yana /var/log, kayan mutane suna /home. Me ya sa na ba ta umarni ta yi shiru? Saboda aikin ya yi. Sai an sami matsala take magana. Me ya sa ta ce babu fayil ɗin alhali ga shi ina gani? Saboda babban baƙi da ƙaramin baƙi ba ɗaya ba ne a wurinta. Yaya ake fita daga vi, wannan manhajar gyaran rubutu da ba ta nuna maka ƙofa? A danna Esc, a buga :wq idan ana so a adana, ko :q! idan ana so a fita a bar komai yadda yake. Kafin in taɓa kowane fayil na /etc kuwa, sai na kwafe shi na liƙa wa kwafin kwanan wata a ƙarshen sunansa. A kan wannan bai taɓa yi mini sassauci ba.

Inda ya fi jan lokaci shi ne batun root, asusun da babu abin da aka hana shi. Ya buɗe mini asusu na talaka, mai alamar $ a maimakon #, ya ce a nan zan zauna kullum, sai aiki ya buƙata in buga umarnin su in hau, in gama in sauko nan take. Na ce, "Malam, ai wahala ce, tunda ni kaɗai ne a kanta." Ya ce umarnin rm ba shi da kwandon shara da za a koma a tsinto abin da aka zubar, kuma idan root ne ya ce a goge, babu wata katanga da za ta tare shi. Ya koya mini wata ɗabi'a da har yau nake yi: idan ina root, kafin in danna Enter sai in ɗauke hannuna daga kibod in karanta layin a fili. Sannan ya zana mini lissafin izini a bangon littafina: karantawa 4, rubutawa 2, gudanarwa 1, a tara wa mai fayil, a tara wa ƙungiyarsa, a tara wa sauran jama'a. Wato 644 na nufin mai shi ya karanta ya rubuta, saura su karanta kawai. Ya ce ranar da wani ya ba ni shawarar in sa 777 don abu ya yi aiki, in sani bai gano matsalar ba ne, ya dai buɗe wa kowa ƙofa.

Tambayar da masu tikiti suka fi jefa mini ita ce, me ya sa intanet ɗinku yake da nauyi? Na kai wa Malam ita yadda take. Ya sa na buga ping zuwa wani adireshi na waje, muka ga amsa tana dawowa bayan fiye da rabin daƙiƙa. Ya ce tauraron da farantinmu ke kallo yana sama da nisan kusan kilomita 36,000, saƙo sai ya hau ya sauko, amsa ma ta hau ta sauko, wannan jinkirin ba mai iya cire shi. Abin da za mu iya shi ne rage yawan hawan. Aikin Squid ke nan, manhajar da ke sauraro a ƙofa mai lamba 3128. Ya ce in ɗauke ta kamar randar tsakar gida: mutum ɗaya ya je rijiya ya cika ta, sauran 'yan gida su sha daga nan. Idan na farko ya buɗe shafin Yahoo, hotuna da tambarin shafin sai su zauna a faifanmu, na biyu da na goma su samu daga ɗakin ƙurya. Da muka buɗe squid.conf sai muka tarar wurin ajiyar yana nan a megabait 100, yadda manhajar ta zo da shi, ba a taɓa ƙarawa ba. Malam ya faɗaɗa shi. Cikin mako jama'a da kansu suka fara cewa layinmu ya yi sauƙi.

A watan Mayun 2004 cutar Sasser ta iso mu. Wani matashi ne a Jamus ya rubuta ta, ta bazu a duniya cikin kwanaki. Wani ya zo da laftof ya jona a layinmu, kafin azahar kwamfutocin shago sun fara fito da saƙon cewa za su mutu nan da daƙiƙa 60, intanet kuwa ya tsaya cik. Ita sabar lafiyarta ƙalau, cutar ba ta kama Linux. To me ya toshe layin? Malam ya buga tcpdump a kan katin da ke fuskantar cikin shago, sai ga rubutu yana zuba ba ƙaƙƙautawa: kwamfutocinmu ne ke ta lalube adireshin duniya ta ƙofa mai lamba 445, suna neman wanda za su harba, duk ta cikin ɗan siririn layin da Kawu ke biya da tsada. Da layi ɗaya na iptables ya hana duk abin da ya nufi wannan ƙofar fita waje. Nan take shafuka suka fara buɗewa. Wankin kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya ya kai mu dare, amma kasuwa ba ta tsaya ba.

Ina cikin murna sai ya ce, "Yanzu kashe ta ka kunna." Na yi. Ya ce in duba dokar iptables ɗin. Babu ita. Na ce, "Malam, ina ta tafi?" Ya ce a ƙwaƙwalwa kaɗai take, ba a rubuta ta a faifai ba, kuma duk abin da ke ƙwaƙwalwa yana tafiya da wuta. Ya sake sa ta, ya buga service iptables save, ya nuna mini chkconfig da ke faɗa wa saba abin da za ta tayar da kanta duk lokacin da ta tashi. Ya ce a garin nan kada in taɓa cewa na gama gyara sai na kashe na kunna na ga gyaran yana nan, domin ko ban gwada ba, wuta za ta gwada mini kafin magariba.

Wuta ce ta haifi rabin tambayoyin da ke cikin littafina. Me ya sa ba za a kashe ta daga soket ba kamar talabijin? Saboda tana riƙe rubutu a ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci kafin ta sauke shi a faifai, idan aka yanke ta a tsakiya sai a sami fayil rabi da rabi. Me take nufi da take ba ni daƙiƙa 5 in danna Y bayan an ɗauke wuta? Tana tambaya ne ko a bincika faifan gaba ɗaya; tsarin ext3 da ke kanta yana da kundin da yake rubuta abin da zai yi kafin ya yi, shi ya sa yawanci take farfaɗowa da kanta. Batirin UPS ɗinmu mintuna kaɗan yake riƙewa, saboda haka aka yi doka: idan aka ɗauke wuta janareta kuma ya ƙi tashi a ja na farko da na biyu, in bar shi in ruga ciki in buga shutdown -h now, sannan in dawo in ci gaba da fama da igiya.

Ranar da ba zan manta ba ita ce wadda sakamakon WAEC ya fito a waccan shekarar. Shago ya cika da yara da iyayensu, kowa da katinsa na kankarewa a hannu, sai intanet ya ɗauke. Farantin yana aiki, ping yana tafiya yana dawowa, amma ba shafin da ke buɗewa. Malam yana wurin aiki. Kawu ya miƙo mini wayarsa ya ce in kira shi. Na fara zuba masa bayani, ya katse ni: "Me log ya ce?" Na buɗe ƙarshen cache.log na karanta masa, Squid ta mutu saboda babu sauran wuri a faifai. Ya ce in buga df -h. Sashen /var ya cika ɗari bisa ɗari. Ya ce in bi da du in ga wane ne ya cinye. Fayilolin rahoton Squid ne, access.log da store.log, sun kumbura tun ranar da aka buɗe shago ba a taɓa rage su ba. Ya ce kada in goge, in kwashe su zuwa /home inda akwai fili, in matse su da gzip, in tayar da Squid. Hannuna yana rawa na yi, ina jin hayaniyar mutane ta bayan katako. Da shafin farko ya buɗe sai na ji wata uwa ta yi kabbara, 'yarta ta ci darussanta.

Da yamma ya zo neman dalili, don shi bai yarda a tsaya a kan cewa abu ya tashi ba. Akwai manhajar logrotate da aikinta ke nan, ta naɗe tsohon rahoto ta buɗe sabo, kuma tana nan a kan sabar. Me ya hana ta aiki? Ya buɗe /etc/crontab, ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna mini layin da yatsa. Lambobi biyu na farko su ne 02 da 4. Ayyukan kullum an tsara su ne su gudana da ƙarfe 4:02 na asuba. Kawu kuwa ya ƙi yarda da kwanan shago irin wanda wasu ke yi, ƙarfe sha ɗaya muke kashe komai mu rufe. Sabarmu ba ta taɓa ganin ƙarfe huɗun asuba a kunne ba, kuma anacron, wadda ke rama ayyukan da lokacinsu ya wuce, ba a ɗora ta ba. Malam ya ce shi kansa bai kawo wannan a ransa ba, domin a wurin aikinsu saba ba ta kwana a kashe. Ya mayar da lokacin zuwa bayan azahar, ya koya mini gidaje biyar na crontab: minti, awa, ranar wata, wata, ranar mako.

Na daɗe ina tunanin wannan layin. Waɗanda suka zaɓi ƙarfe huɗun asuba sun yi hankali, lokaci ne da kowa ke barci, na'ura ba ta da aiki. Amma sun zaɓe shi ne a ƙasashen da ba a tunanin wuta za ta ɗauke. Takardun HOWTO da nake bugawa a firinta idan shago ya yi sauƙi, da shafukan man da nake bi da ƙamus a gefe, duk ba su yi maganar janareta ba, ba su yi maganar ƙurar hunturu ba, ba su san saba mai kwana a kashe ba. Irin waɗannan tambayoyin sai wanda ke zaune a inda kake ne zai amsa maka su, kuma sai idan ka yi su a fili.

Wannan access.log ɗin ya buɗe wata maganar da ta fi ta faifai nauyi. A wancan zamanin yawancin shafuka ba a rufe suke ba, saboda haka kowane layi a fayil ɗin yana nuna lokaci, da lambar kwamfutar, da cikakken adireshin abin da mutum ya buɗe. Ni ne ke sayar da tikiti, na san wanda ya zauna a lamba bakwai da ƙarfe uku. Na ce, "Malam, ashe ana ganin komai." Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Ana gani, ɗana. Wani ciwonsa yake bincike da bai faɗa wa matarsa ba, wani bashi ne ya kai shi. Ka duba don gyara, kada ka duba don sani, abin da idonka ya faɗa a kai kuma ya mutu a ɗakin nan." Kawu yana da damuwa ta gaskiya a kan shafukan batsa, don yara suna shigowa. Malam ya rubuta masa jerin kalmomi da adireshi a acl na Squid aka toshe su ga kowa, ba tare da an bi sawun wani ba. Tsofaffin rahotanni kuma aka tsara su riƙa gogewa da kansu bayan 'yan makonni. Wani mutum ya taɓa hawowa yana so in gaya masa abin da ƙaninsa ke buɗewa, har da ihsani a hannu. Kawu da kansa ya raka shi matattakala.

Sai batun kwafin ajiya. Na tambaya me za mu yi ranar da faifan ya mutu gaba ɗaya. Malam ya ce ba maganar wataƙila ba ce, ranar tana zuwa. Ya koya mini in dunƙule /etc da tar, in haɗa da dokokin iptables da jerin manhajojin da ke kai, in ƙona a faifan CD duk lokacin da aka yi wani canji, a kai gidan Kawu. Bai tsaya nan ba. Ya sa na ɗauko wata tsohuwar kwamfuta da aka jingine, na ɗora mata Linux daga farko, na zuba mata kwafin, muka cire wayoyi daga sabar muka jona mata, muka ga ko shago zai yi aiki. A gwajin ne muka gano katunan netwok sun musanya suna, eth0 ya zama eth1, na rubuta wannan da jan biro. Da hunturu ya kama, ƙura ta toshe fankar sabar duk da burushin da nake bi da shi, faifan ya fara wani ƙara ƙas-ƙas, wata safiya ya ƙi tashi. Malam ya yi tafiya. Na sayo sabon faifai, na buɗe littafina, na bi shafi bayan shafi. Kafin la'asar mutane sun zauna a kujerunsu. Da ya dawo na ba shi labari, sai ya tambaye ni ko na ƙona sabon kwafi daga sabon faifan.

A shekarun da suka biyo baya abubuwa sun sauƙaƙa. Ubuntu, wani nau'in Linux da Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa, ta fito a watan Oktoban 2004, kuma a lokacin ana aiko da faya-fayanta kyauta ta gidan waya zuwa duk inda mutum yake. Mun nema, sun iso, muka raba wa ɗaliban da ke zuwa shagon. Da juzu'in 6.06 ya fito a 2006, mai alƙawarin gyare-gyaren tsaro na shekara 5 ga saba, Kawu ya yarda aka bar janareta dare guda muka sauko da shi, muka koma kansa. A nan na ga apt yana jawo manhaja da duk abin da take buƙata da umarni ɗaya, bayan wahalar da muka sha ta farautar fayilolin rpm ɗaya bayan ɗaya. Na kuma ga sun rufe shiga da root tun daga farko, sai dai sudo, wato abin da Malam ya tilasta mini da baki su sun sa shi a cikin ginin.

Ban riƙe injiniyan farko a zuciya ba, amma ban yarda da hanyarsa ba, kuma na ga irinta da yawa daga baya. Mutum ya haɗa wa makaranta ko asibiti saba, ya ƙi rubuta komai, ya ƙi koya wa kowa, don a ci gaba da nemansa. Ranar da ya sauya aiki ko ya kwanta ciwo, sai bayanan jama'a su zama a kulle. Wasu kuma ba rowa ce ke damunsu ba, raini ne: yaro ya yi tambaya su yi masa dariya a gaban mutane, daga ranar ya daina tambaya ya koma gwaji a ɓoye yana root. Yawancin ɓarnar da aka kira ni in gyara a rayuwata daga nan ta taso.

Bayan 2010, da manyan wayoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1 suka sauka Legas, ga modem na aljihu da wayoyin hannu masu intanet, shagunan irin namu suka fara ja da baya. Shafuka ma suka koma rufaffu, Squid ba ta iya ajiye mafi yawan abin da ke wucewa. Kawu ya sauke farantin ya mayar da wurin na buga takardu da rajistar jarrabawa. Ni kuma na riga na sami aikin kula da sabobi, yawancinsu ban taɓa ganinsu da ido ba, hayarsu ake yi a Turai ana shiga ta ssh.

Masu koyo na yanzu daga nan suke farawa. Kwanakin baya wata ɗaliba da aka turo mana koyon aiki ta zo teburina da laftof a hannu, ranta a ɓace. Ta buɗe /var/log/auth.log na wata sabuwar saba da aka ba ta, layi bayan layi na yunƙurin shiga da sunan root, daga adireshin ƙasashe daban-daban. "Yallaɓai, an shigo mana ne?" Na ce ta karanta layukan da kyau, kowanne cewa yake an ƙi. Na'urori ne ke zagaya intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa ƙofa ta 22 suna gwada kalmomin sirri, duk sabar da aka kunna za ta same su cikin sa'o'i. Muka zauna ta ƙirƙiri mabuɗi da ssh-keygen, ta ɗora rabinsa na fili a kan sabar, ta buɗe sshd_config ta hana shiga da root, ta hana shiga da kalmar sirri. Ta kai hannu za ta rufe tagar, na ce, "Dakata, Malama. Bar wannan a buɗe, buɗe wata ki gwada shiga tukuna, don idan akwai kuskure a fayil ɗin, ta nan kaɗai za ki koma ki gyara." Ta gwada, ta shiga. Sai ta tambaya me zai faru idan aka sace laftof ɗin da mabuɗin ke ciki. Na ce shi ya sa ssh-keygen ya nemi ta sa wa mabuɗin kalmar kariya, kuma ranar da hakan ta faru, wani daga cikinmu zai shiga da nasa mabuɗin ya goge layinta daga authorized_keys, ita kuma ta ƙirƙiri sabo.